Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Abin da Ɗigo Biyu na Jamusanci Suka Tuna Mini

A hutun daminar da ta wuce ɗan ƙanwata ya shigo gidana a unguwar Zariya, nan Maraɗi, da takarda a hannu, ransa a ɓace. Yaron ya gama karatun aikin gona, ya kuma shekara guda yana koyon Jamusanci ta waya da wasu littattafai biyu da ya samo a Yamai, da niyyar neman ƙarin karatu a Jamus. Ya rubuta wasiƙar gabatar da kansa, ya aika wa wani abokina da ya yi karatu a can don ya duba masa. Sai takardar ta dawo da jan biro zagaye da kalma guda.

A cikin wasiƙar yana ba da labarin aikin da ya yi a fadamar Jiratawa lokacin da yake haɗa kundinsa na kammala karatu. Ya bi gona-gona ya ƙidaya manoman da ke noman zogale. Abin da ya so ya ce ke nan: na ƙidaya manoma. Kalmar da ta dace ita ce gezählt, shi kuwa ya rubuta gezahlt. Ɗigo biyu ne a kan harafin a suka faɗi a hanya. Amma a Jamusanci zählen shi ne ƙidaya, zahlen kuma biyan kuɗi. Wato Bajamushen da zai karanta wasiƙar zai ga ɗalibi mai neman gurbin bincike yana faɗa da bakinsa cewa ya bi manoma yana biyan su.

Ya ce mini, "Kawu, ɗigo biyu ne fa kawai."

Na ce masa, "To, je ka babbar kasuwa ka ƙidaya kuɗi a gaban mai kanti, ka mai da su aljihu, ka ɗauki kaya ka kama hanya. A nan za ka san ko ƙidaya da biya abu ɗaya ne."

Muka yi dariya. Sannan na ce ya nuna mini saƙon ƙarshe da ya aika wa uwarsa ta WhatsApp. Ga abin da ya rubuta: "Inna, za a daura auren ranar Asabar, baki za su sauka a dakina." Babu ƙugiya ko ɗaya. Ɗaura ta koma daura, baƙi sun koma baki, ɗaki ya koma daki. Nan na gane cewa ciwon bai faro daga Jamusanci ba. Da shi yaron ya je can.

Na shekara fiye da ashirin ina koyar da Faransanci a kwaleji, kuma ra'ayina shi ne wannan: yaron da ba a koya masa ganin ƙugiyar ƙ a harshen uwarsa ba, zai tsallake alamar da ke kan é a Faransanci, zai kuma tsallake ɗigon ä a Jamusanci. Idonsa ya saba ɗaukar ƙananan alamomi a matsayin kwalliya, abin da za a sa in an ga dama. Mu malamai da iyaye mu muka saba masa, kuma mu ne za mu iya gyarawa, tun daga ajin CI.

Jamusancina bai taka kara ya karya ba. Abin da na sani na tsince shi ne a makonnin da muka zauna da yaron nan da ƙamus a tsakaninmu, muna tattara kalmomin da suka yi kama da juna. Da muka jera su, sai na ga sun kasu gida-gida, kuma kowane gida yana da ɗan'uwa a Hausa.

Gida na farko shi ne na ɗigo biyun nan da Jamusawa ke kira Umlaut. Schon na nufin "tuni", schön na nufin "kyakkyawa". Drucken buga takarda ne a inji, drücken dannawa. Fordern neman abu ne da ƙarfi, fördern tallafawa, don haka ɗalibin da ya so gode wa masu tallafa masa zai iya ɓuge da cewa sun matsa masa. Mutter uwa ɗaya ce, Mütter iyaye mata da yawa. Ich konnte "na iya" ne a da, ich könnte kuma "zan iya, in hali ya yi". Asalin ɗigon nan ƙaramin e ne da marubutan da suke ɗorawa a kan wasali, har ya tsuke ya koma ɗigo biyu. Shi ya sa in Bajamushe ya samu kansa gaban injin da ba shi da ä ko ö ko ü, ba ya yar da alamar, sai ya rubuta ae ko oe ko ue. Müller ya koma Mueller, ba ya komawa Muller. Ku kwatanta da mu. In waya ba ta da ƙ, sai mu buga k mu wuce, ko waiwaye babu.

'Yan'uwan wannan gida a Hausa kowa ya san su: kafa da ƙafa, kasa da ƙasa, kara da ƙara, koko da ƙoƙo, bari da ɓari, kashi da ƙashi. Sau nawa kuka karɓi katin gayyata an buga "daurin aure"? Ɗaurewa daban, daurewa daban, ko da yake dattawa za su ce aure na bukatar duka biyun.

Gida na biyu na tsawon wasali ne. Staat ƙasa ce mai gwamnati, Stadt birni. Miete kuɗin haya ne, Mitte tsakiya. Ofen murhu ne, offen a buɗe. A nan ɗan Bahaushe yana da rabon da Bafaranshe ba shi da shi, domin kunnenmu da wannan bambanci ya tashi. Gari da ake zama a ciki wasalinsa gajere ne, gari da ake tuƙa tuwo da shi wasalinsa dogo. Da na nuna wa yaron haka, a rana ɗaya ya kama abin da ya yi watanni yana ruɗa shi. Sanin yana cikin kunnensa tun yana goye, ba a dai taɓa nuna masa cewa sani ne ba.

Gida na uku na haruffan da suka musanya wuri ne, ie da ei. Lied waƙa ce, Leid baƙin ciki. Lieder waƙoƙi ne, leider kuma "abin takaici". Mai saurin karatu yana ganin haruffa iri ɗaya sai ya cike sauran da ka.

Gida na huɗu shi ya fi ba ni sha'awa. Kalma guda ce a rubuce, jinsi ne kawai ke raba ma'ana. Der See tafki ne, die See teku. Der Leiter shugaba ne, die Leiter tsani. Die Steuer haraji ne, das Steuer sitiyarin mota. Yaron ya ce wannan kam zalunci ne. Na ce masa, "Faɗa mini, me ya raba kukan yaro da kukar bakin kasuwa? Me ya raba wuyan riga da wuyar aiki?" Ya yi shiru. Kuka na ido namiji ne, kuka ta miya mace ce. Wuya na jiki namiji ne, wuya ta wahala mace ce. Kullum muna yin wannan rarrabewa ba tare da mun lura ba.

Wani zai ce, mutum nawa ne a Maraɗi ke koyon Jamusanci? Kaɗan ne, na yarda. Amma ku buɗe kayen dikte na kowane ɗan ajin farko na kwaleji, za ku tarar da cutar nan a kwance. Poisson da poison, kifi da guba. Dessert da désert. Dessus da dessous, bisa da ƙarƙashi. Ou da où, a da à, jeune da jeûne, tache da tâche. A kan wannan kuma akwai namu na gida: Hausa ba ta raba p da f, shi ya sa port da fort, ko poire da foire, ke shiga wa yaranmu kunne ɗaya. Ba mu da wasalin u na Faransanci, shi ya sa rue da roue da riz ke cakuɗewa. Wasalin nan na rue kuwa shi ne ü na Jamusanci, na peu kuma shi ne ö. Da an tsaya wa ɗan ƙanwata a kan dessus da dessous yana ɗan shekara tara, da ya isa ga drucken da drücken da rabin aikin a gama.

Kada kuma mu ɗauka wannan makanta tamu ce mu kaɗai. A watan Janairun 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratsa ta Tasawa a kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano. Da zai koma Turai a 1855 ya tafi da wani yaro mai jin Hausa, Dorugu, wanda daga baya ya zama babban mataimakin wani Bajamushen, James Frederick Schön. Schön ya fitar da nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876, da littafin Magana Hausa a 1885. Aiki ne babba, amma a rubutunsa k da ƙ harafi ɗaya ne, d da ɗ ma haka. Kunnensa bai kama ƙugiyarmu ba, kamar yadda idon ɗan ƙanwata bai kama ɗigonsu ba. Shi kansa sunan nasa, in ka cire masa ɗigo biyu, ya tashi daga "kyakkyawa" ya koma "tuni". Sai da aka yi shekaru masu yawa ana gwaji kafin boko ya samu ɓ da ɗ da ƙ, har aka zo ga taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 inda aka yi ta ƙoƙarin daidaita rubutun. Abin da wasu suka sha wuya kafin su samar mana, shi muke zubarwa da ɗan yatsa a kan waya.

Hanyar gyara kuwa ba sai mun je Jamus nemanta ba. A Tibiri na tashi, kuma kafin in taka lakwal na yi shekaru da allo a hannu. Malaminmu bai san sunan wata dabarar koyarwa ba, amma ga abin da yake yi. A matakin babbaƙu, kowane harafi yana da suna, kuma sunan yana ɗauke da abin da ya raba shi da ɗan'uwansa. Ga sin, ga shin mai ruwa. Ga ha ƙarami, ga ha mai ruwa. Ga ɗa mai hannu. Ruwan nan shi ne ɗigo. A rubutun da muke yi, fa ɗigonta ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigonsa ɗaya a bisa, ba wani abin da ya raba su a tsakiyar kalma sai wannan. Yaro ba ya wucewa zuwa farfaru sai ya kira kowane harafi da cikakken sunansa, da murya, sau ba adadi. Babu almajirin da zai ce wa malaminsa "ɗigo ɗaya ne fa kawai". Abin mamaki, yaron nan guda da ya san ɗigo na canza harafi da asuba a makarantar allo, in ya shiga lakwal da hantsi sai ya koyi cewa alamar bisa wasali abin da ake ƙarawa ne in an gama rubutu, in lokaci ya rage.

Na san abin da za a ce mini, domin abokan aikina sun sha faɗa mini a ɗakin malamai.

Na farko, za a ce ai jimla na fayyace ma'ana. Gaskiya ne. Uwar yaron nan ba ta zaci bakin mutum ne zai sauka a ɗakinsa ba. Mu ma da yara ke kira mushe ba mu taɓa zaton suna nufin dabbar da ta mutu ba a yanka ba. Amma wa jimla ke ceto? Babban da ya riga ya ƙware, wanda ya san abin da za a ce tun kafin a ce. Ɗan shekara bakwai da ke haɗa baƙi da wasali ba shi da wannan gata. Mai koyon baƙon harshe ma ba shi da shi, domin jimlar kanta baƙuwa ce gare shi. A wasiƙar yaron nan kuwa jimlar ba ta cece shi ba, don ƙidaya manoma da biyan manoma duk magana ce mai ma'ana.

Na biyu, za a ce ai rubutun Hausa ma ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, fari na launi da fari na rashin ruwa rubutunsu ɗaya. Wannan ma gaskiya ne, kuma ba na kiran a cika jarida da alamomi irin na ƙamus. Amma wannan dalili ne na riƙe 'yan alamomin da muke da su da kyau. Wanda ke da mudu uku na hatsi ba ya zubar da ɗaya don an hana shi buhu.

Na uku, wasu iyaye na tsoron cewa lokacin da aka ba Hausa a aji an ƙwace shi ne daga Faransanci, harshen jarrabawa da neman aiki. Na fahimci tsoron, ni ma uba ne. Amma mu dubi inda muke. Binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa a Nijar, cikin 'yan ajin ƙarshe na firamare, ko ɗaya cikin goma bai kai matakin karatun da ake bukata ba. A na 2019 abin ya ɗaga zuwa wajen uku cikin goma. Ba na cewa ƙugiya ce ta jawo wannan duka. Akwai cunkoson aji, da rashin littattafai, da azuzuwan zana da ba a shiga sai an gama girbi. Amma yaron da aka sa ya koyi karatu da baƙon harshe a lokaci guda, kaya biyu aka ɗora masa. Yana ganin poisson da poison, bai san ma'anar ko ɗaya ba, ta yaya s guda zai dame shi? In ka rubuta masa kafa da ƙafa, nan take zai yi dariya ya nuna ƙafarsa. A harshen da yaro ke ji ne yake gane cewa ƙaramar alama na juya magana, sannan ya ɗauki wannan ganewa ya shiga da ita kowane harshe.

Ba sabon tunani ba ne a ƙasar nan. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta ba harsunan gida gurbi a makaranta. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 kuma ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi su zama harsunan aiki. To, harshen da aka ɗaga haka, da wane rubutu za mu miƙa shi ga yara? Da na allunan kantuna da katunan biki, inda ƙasa ke zama kasa?

Ga abin da nake roƙon 'yan'uwana malamai, kuma ba ya cin komai sai alli. Ku ware minti biyar kowace safiya don tagwayen kalmomi. A rubuta ɗaya a bisa, ɗaya a ƙasa, harafi a kan harafi, a zagaye wurin da suka rabu da alli mai launi. A faɗe su da murya, yara su maimaita, sannan kowane yaro ya sa kowace kalma cikin jimlar kansa. A ba alamar suna kamar yadda malamin allo ke yi: k mai ƙugiya, a mai hula, o mai ruwa biyu. Abin da ke da suna ido ba ya tsallake shi. Na kuma koyi wani abu da kuskurena: kada a kawo tagwaye rana ɗaya in dukansu baƙi ne ga yaro, sai su manne a kansa ya kasa raba su har abada. A bar ɗaya ta zauna daram, bayan kwanaki a kawo 'yar'uwarta a jera su. Suna kuwa, a Faransanci ko Jamusanci, kada a taɓa rubuta shi tsirara a kan allo, a zo da shi da le ko la ɗinsa, da der ko die ko das ɗinsa. Wurin gyaran dikte kuma, mu daina yi wa kurakurai kuɗin goro. Kuskuren da ya juya ma'ana a ja masa layi biyu, a kira yaron a karanta masa abin da ya rubuta yadda ya rubuta shi. Yarinyar da na taɓa karanta wa cewa uwarta ta sayo guba a kasuwa ta soya musu, ba ta sake mantawa da s na biyu ba.

Ina kuma kira ga masu horar da malamai a makarantar Bawa Jangwarzo da ke nan Maraɗi da sauran irinta, kada malami ya fita da takardar shaida bai iya rubuta shafi guda na Hausa da ƙugiyoyinsa cif ba. Wanda bai gani ba, ba ya nuna wa wani.

Ku kuma iyaye, naku ya fi sauƙi. Madannin Gboard da ke kan yawancin wayoyinmu yana da Hausa, da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ duka. Ku sa a kunna muku shi, ku riƙa rubuta wa 'ya'yanku saƙo daidai, domin rubutunku suke gani fiye da na kowa. Wanda bai yi boko ba shi ma yana da abin yi. In kun zauna bayan cin tuwon dare, ku jefa wa yara kalma, ku ce a nemo mai kama da ita: an ce kara, wa zai kawo ƙara? An ce gari, wane garin? In kuna tafe a hanya ku sa yaro ya karanta allon kanti da ƙarfi yadda aka rubuta shi, ya nemo inda mai fenti ya ci ƙugiya. Wasa ne, amma da irinsa ake wasa ido.

Ɗan ƙanwata ya sake rubuta wasiƙarsa. Kafin ya aika, ya bi ta kalma-kalma da bakin biro, daga ƙarshe zuwa farko, don kada ma'ana ta ja idonsa ya yi tsalle. Ya tsinci wasu ɗigo biyun da suka faɗi a wurare uku. Har yanzu yana jiran amsa, kuma ko an ɗauke shi ko ba a ɗauke shi ba, wannan na Allah ne. Amma jiya ya aiko mini da saƙo yana tambayar lafiyar ƙafata da ke ciwo, kuma ƙafar ta iso da ƙugiyarta.